Santil Casa'in da Biyar

Wani ɓangare na labarin nan ya zube mini a hanya, yadda hatsi yake zubewa daga tsohon buhu mai shi bai sani ba. Shekarar ta ɓace mini. Na dai san bayan babbar yunwa ta farko ne, kafin ta biyu, lokacin da aka fara dasa layukan itatuwa a kwarin Majiya. Sunan mahaifiyar yaron da zan ba ku labarinsa ma ya tafi, ko da yake na ci tuwonta ba sau ɗaya ba. Amma mutanen da maganganunsu suna nan daram a raina, domin a lokacin ina baƙunci a Tama, a zauren wani manomin albasa mai suna Maiguwa, kuma dangar gidan ta kara ce, ana jin komai.

Wata rana da hantsi, Biba ɗiyar Maiguwa tana zaune a tsakar gida tana yanke ganyen albasa. Kakarta Baraka, mahaifiyar Maiguwa, tana gefe tana tsince ruɓaɓɓu.

— Ke! in ji tsohuwar. Kin yanke rabin albasa kin bar ganye. Ina hankalinki?

— Wuƙar ce ba ta da kaifi, Kaka.

— Wuƙa! Alƙasim ne sunan wuƙar? To ki yi a hankali, in kika yi wasa ni zan aure shi. Na fi ki iya tuwo.

— Da waɗanne haƙora za ki yi mishi murmushi?

Tsohuwar ta jefe ta da ruɓaɓɓiyar albasa, suka tuntsire da dariya.

Wannan Alƙasim ɗan marigayi Mati ne. Tare suka yi lakwal, wato makarantar boko, da Biba a Tama. Ita ta tsaya a ajin ƙarshe, shi ya wuce kwaleji a Madawa har ya samu birebe, takardar shaidar gama ta, ya dawo gida ba aiki, yana ban ruwa a garkar da ubansa ya bari. Samarin Adar da an gama girbi sai su hau kamyo, babbar motar kaya, su nufi Abijan, su dawo da rediyo da atamfa. Shi bai taɓa zuwa ba. Da kawunnansa suka zo neman auren Biba, Maiguwa ya karɓe su da mutunci, amma ya ce musu:

— Ban ƙi yaron ba, yana da ladabi. Sai dai shekara da shekaru yana zaune bisa benci, ni ban ga abin da bencin yab ba shi ba.

Ana cikin haka sai wata ƙungiya mai aikin dasa itatuwa da gyaran ƙasa ta ce tana neman samarin da za ta horar, ta ba su aiki. Ta shirya konkur, wato jarrabawa iri ɗaya, rana ɗaya, a Buza da Madawa da Keita da sauran garuruwan jihar Tawa. Da labari ya iso zaure, Maiguwa ya ɗaga hannu a gaban mutane ya ce:

— Wallahi in Alƙasim ya shiga cikin goma na farko, na ba shi Biba. In bai shiga ba, kada wani shi sake taho min da wagga magana!

Dole in yi wa mai karatu bayanin abin da ya sa ya faɗi haka. A lakwal ɗin Tama, duk ƙarshen zango mushe, wato malaminsu, yakan fito da yara fili ya jera su. Ya kira na ɗaya, wanda suke ce wa furamiye, a tafa masa. Ya kira na biyu, na uku, har ya kai kan na ƙarshe, darniye, wanda yara suke bi da waƙa har ƙofar gida. Ko tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta san wannan: ƙaramar lamba daraja ce, babbar lamba abin kunya.

Alƙasim ya yi jarrabawar a Buza. Aka ce za a karanta sakamako a gaban biro, wato ofishin ƙungiyar, ranar kasuwa. Ranar kuwa mahaifiyarsa ta tashi da zazzaɓi, bai iya barinta ba. Wanda ya je shi ne Tanko, ƙanen Maiguwa, mutumin da ya daɗe yana dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, kuma a Tama ba wanda yake jayayya da shi a kan Faransanci.

Da la'asar ya dawo, hula a karkace, tun daga ƙofa yake kira:

— Yaya! Yaya Maiguwa! Allah ya tsare ka da suruki!

— Mi ya faru? Zauna ka sha ruwa.

— Ba ni shan komi sai na faɗi. Da kunnena nij ji. Wata madam ta tsaya bisa matakala tana karantawa. Tac ce: Alƙasim Mati, katar-ban-kenziyem santil!

— Yi min da Hausa.

— Na casa'in da biyar, Yaya! Casa'in da biyar! Ni tun da nike ban taɓa jin aji mai tsawo haka ba.

Maiguwa ya ce:

— To, santil ɗin fa?

— Ado ne na magana, in ji Tanko. Haka Faransanci yake, sai an sa mishi wutsiya. Ka kuwa san wanda yaf fidda Tama kunya? Muntari ɗan Jima! Witiyem santil. Na takwas!

Kafin magariba an ji guɗa daga gidan su Muntari. Mahaifiyarsa Jima ta sa aka yanka rago, ta aiko wa Maiguwa da cinya guda, ta kuma ce a gaida Biba da kyau. Biba tana ɗaki ta kifa kai a gwiwa tana kuka. Mahaifinta ya tsaya a bakin ƙofa, ba da fushi ba, ya ce:

— Ɗiyata, na rantse gaban mutane. Ki yi haƙuri, ki cire shi a ranki.

Washegari yara suka fara bin Alƙasim a hanyar garka suna rera «darniye, darniye». Bai ko waiwaya ba. Amma ya je ya gaya wa direban kamyo ya ajiye masa wuri.

Biba ta same shi da yamma a bakin rijiyar garka, ta yi kamar ta zo ɗibar ruwa.

— An ce za ka Abijan.

— Mi zan zauna yi, Biba? Ko awakin garin nan sun san lambata.

— Ka yarda kai ne na casa'in da biyar?

— Baba Tanko ba ya ƙarya.

— Ban ce yana ƙarya ba. Amma ka yarda Muntari ne na takwas? Ni da Muntari benci guda munka zauna. Ni nike yi mishi lissafi, shi yana ba ni ƙuli-ƙuli. In anka ce bakwai sau takwas, sai shi dubi rufin ɗaki kamar can anka rubuta amsa!

Duk da baƙin cikinsa sai da Alƙasim ya yi murmushi.

— Wataƙila ya yi sa'a.

— Sa'a ba ta yi wa mutum lissafi. Faɗa min, mi ne ne santil?

— Ba a koya muna shi a kwaleji ba.

— To ka tafi Buza ka tambaya.

— In tafi in ce a sake karanta min kunyata da ƙarfi? A'a, Biba. Na ji sau ɗaya, ya isa.

Hawaye suka cika idonta, ta ce:

— To abu guda nike roƙo. Ka bar wanga kamyo shi wuce. Ka jira na kasuwa mai zuwa. In na dawo da abin da Baba Tanko yad dawo da shi, ni da kaina zan ɗaure maka kaya.

Ya dubi ruwan rijiya, sannan ya ce:

— Dakor, na yarda. Don ke.

Budurwa ba ta tashi haka kawai ta tafi Buza, balle don ta binciki maganar ƙanen ubanta. Biba ta kai kukanta wurin kakarta. Tsohuwar ta saurara, ta shafa gwiwa, ta ce:

— Dama wagga gwiwa ta dame ni. Gobe ki raka ni wurin likita.

Suka hau amalanken masu kai albasa. Likita ya ba tsohuwar man shafawa, daga nan suka yi ta tambaya har suka samu biron. Matar da ta karanta sakamakon, Madam Kaltume, ƴar Keita ce, ta karɓe su da fara'a. Biba ta durƙusa ta gaida ta, ta faɗi abin da ya kawo su. Da madam ta ji yadda aka fassara maganar a Tama, sai ta dafe kai.

— Wayyo Allah! Na yi bayani tun farko, amma ranar kasuwa ce, rabin mutane sun iso ina tsakiyar sunaye. Saurara, ƙanwata. Santil ba matsayi ba ne irin na lakwal. Ki ɗauki mutum ɗari cikin waɗanda sunka yi konkur, ki jera su daga wanda yaf fi rauni zuwa wanda yaf fi ƙoƙari. Santil yana gaya miki mutum nawa ka bari a bayanka.

— Wato ya ci tambaya casa'in da biyar cikin ɗari? in ji Biba.

— A'a, ba maki ba ne. Wataƙila tambayoyin sun yi wuya, rabi kaɗai yac ci. Amma in sauran ba su kai ko rabin ba, ya wuce su. Santil ba ya auna ka da takarda, da ƴan uwanka yake auna ka. Cikin kowane ɗari, Alƙasim ya wuce casa'in da biyar.

Biba ta rufe baki da mayafi. Kaka Baraka ta matso.

— To, ɗiyar nan, mai takwas fa?

— Ya wuce takwas, Inna. Sauran duk suna gabansa.

— La ilaha illallahu! Kuma mun ci cinyar!

Madam ta ƙara da cewa duk wanda ya haura tamanin za a kira shi horo, kira na nan tafe. A hanyar dawowa Biba tana ta dariya tana kuka, har mai amalanke ya tambaya ko lafiya. Amma da suka hango Tama sai ta juyo wurin kakarta ta ce:

— Kaka, yaya zan ce wa Baba ƙanensa bai ji Faransanci ba?

— Ke ba za ki ce komi ba. Ni na haife su.

Da safe tsohuwar ta sa Biba ta buɗe rudu, rumbun da ake adana albasa, ta ƙirgo ɗari, ta jera su a kan tabarma daga ƙarama zuwa babba. Sannan ta aika aka kira Maiguwa da Tanko. Ni ma aka ce in shigo in zauna, don a samu shaida.

— Maiguwa, in ji ta, fara daga ƙananan nan ka ƙirgo min takwas.

Ya ƙirga.

— Ɗauki ta gaba. Za ka kai wagga kasuwa?

Ya juya ta a tafin hannu, ba ta fi goro ba.

— Wagga ta miya ce, Inna.

— To ka riƙe, Muntari ke nan. Ci gaba da ƙirga har casa'in da biyar.

Ya bi layin yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya, yana matsawa da gwiwa, har ya kusa ƙarshen tabarma. Ya ɗauki ta gaba. Ta cika masa hannu.

— Nawa sunka rage a gabanta?

— Huɗu.

— Alƙasim ke nan. Santil ɗin da ƙanenka yac ce wutsiya ce, ita ce kan maganar. Ba a ce shi ne na casa'in da biyar ba, an ce ya wuce casa'in da biyar. Daga bakin madam ɗin munka ji, ni da gwiwata.

Maiguwa ya dubi ƙaramar albasa a hagu, ya dubi babbar a dama. Fuskarsa ta fara sakewa. Tanko kuwa gumi ya karyo masa. Amma ba wawa ba ne, dako ya koya masa lissafi. Ya gyara hula ya ce:

— Bon! Na yarda, Inna. Amma mutum nawa sunka yi konkur ɗin?

Tsohuwar ta dubi Biba. Biba ta sunkuyar da kai ta ce:

— Madam tac ce kusan dubu biyu.

— Wala, kun gani! in ji Tanko. Tabarma ashirin ke nan irin wagga. Kowace tabarma da manyanta huɗu ko biyar. In ka tara su, kusan mutum ɗari na gaban yaron ko kafaɗa da shi. Yaya ya ce goma na farko. Ina goma, ina ɗari? Ni ba ƙin yaron nike ba, rantsuwa nike tsoro.

Gaskiya Tanko ya faɗa, kowa ya gane. Biba ta juya baya tana kuka. Maiguwa ya ajiye albasar a hankali, ya juyo wurina.

— Malam, ka ji. Ba ni so in karya zuciyar ɗiyata, ba ni kuma so in karya rantsuwa. Mi littafi yac ce?

Na ce masa abin da na karanta wurin malamaina shi ne, in lafazin rantsuwa ya zo a buɗe, ana komawa ga niyyar mai ita. Na tambaye shi:

— Lokacin da ka ce goma na farko, goma cikin nawa kake gani a zuciyarka?

Ya rufe ido. Mutum ne mai tsoron Allah, ba zai ƙirƙiro niyya don ta yi masa daɗi ba.

— Filin lakwal nike gani, in ji shi. Mushe ya jera yara. Ba su wuce sittin ba. Ni ban taɓa sanin ana tara mutum dubu biyu a yi musu tambaya guda ba.

— To cikin sittin, da shi ne na nawa? in ji tsohuwar. Ke mai lissafin Muntari, buɗe baki!

Biba ta share hawaye, ta motsa leɓe tana lissafi, sannan ta ce a hankali:

— Na uku, Baba.

Maiguwa ya miƙe tsaye.

— Na uku! Ni goma nin nema, ya kawo min uku. Tanko, tashi ka tafi gidan Mati. Da bakinka ka kawo labarin farko, da bakinka za ka kai na biyu. Ka ce wa kawunnansa su taho da goro.

Tanko ya tsaya yana murza hula, sai kuma ya yi dariya.

— Wallahi Faransancin tashar jirgi babu santil a ciki. Buhu da kilo kaɗai munka sani!

Ya tarar da Alƙasim zaune kusa da jakarsa a ɗaure. Ban ji abin da suka ce wa juna ba, amma an gan su sun fito tare, Tanko yana riƙe da hannunsa, yana gaya wa duk wanda suka gamu da shi ma'anar santil kamar shi ya ƙirƙiro ta.

Abin da ya ƙara mini ganin girman yaron shi ne, kafin ya zo gaida Maiguwa sai da ya biya gidan su Muntari, don kada abokinsa ya ji labari daga bakin yara. Muntari ya saurare shi har ƙarshe, ya yi ajiyar zuciya ya ce:

— Alhamdu lillahi! Tun ranar nan ban yi barcin kirki ba. Ina ta tunanin in sunka kai ni horo sunka ce in yi lissafi, mi zan ce musu?

Jima ta yi kwanaki ba ta fita rijiya ba, daga baya ta huce, har ita ce ta yi guɗa mafi ƙarfi ranar da aka kai amarya. Alƙasim ya yi horonsa ya dawo, ya yi aiki a kwarin shekaru masu yawa. Yawancin itatuwan da suke kare gonakin Tama daga iska, a gabansa aka dasa su. Kaka Baraka kuwa har ta rasu ba ta daina kiransa «angona» ba.

Ya ku samari da ƴan mata, darasin a fili yake. Kada ku yanke hukunci a kan lamba sai kun tambayi abin da take ƙirgawa, kada kuma ku yanke hukunci a kan mutum da rabin magana. Gari guda ya yi wa yaro waƙar darniye saboda kalma ɗaya da ba wanda ya tsaya ya tambaya. Kunya ta hana Alƙasim tambaya, har ta kusa raba shi da garinsu da masoyiyarsa. Biba ba ta ɗaga murya a gaban mahaifinta ba, ba ta kunyata ƙanensa ba, ba ta kuma yarda da abin da hankalinta ya ƙi ba. Ta yi haƙuri, ta bi ta ƙofar da ta dace, Allah ya cika mata burinta.

Bayan shekaru, yawona ya kai ni Tawa, na sauka a gidan wani malamin lissafi na lise, babbar makarantar sakandare. Na tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa samun santil ɗari cif. Ya ce a irin wannan ƙirga babu, kuma ba za a samu ba. Ko wanda ya fi kowa a ƙasa baki ɗaya, a casa'in da tara yake tsayawa, domin shi ma yana cikin ɗarin, kuma mutum ba ya wuce kansa.